RA'AYINMU: Gyambon Ƙuna Da Ya Ƙi Warkewa

Duk wanda ya taɓa kwana a Manchok cikin hunturu ya san irin sanyin da ke saukowa daga tsaunukan Filato. A lokacin ne a kan kwana da kaskon garwashi a ɗaki, yara su kewaye murhu, ƙuna ta yawaita. Ga kuma fetur da a ke ɓoyewa cikin jarka a gida, da kwasar man tanka idan ta faɗi, irin wadda ta kashe mutum fiye da 150 a Majiya ta Jihar Jigawa cikin Oktoba 2024.

Yau muna so mu ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi a kan wani ciwo da kan biyo bayan mummunar ƙuna. Ba kasafai a ke ganinsa ba, amma idan ya zo ya kan rikita mai jinya da danginsa. Likitoci suna kiransa fayodama gangirinosum, sunan da aka ba shi a Amurka cikin 1930. Ya kan fara kamar ƙurji, ko dai a kan ƙunar, ko a wurin da aka yanko fata don yin faci. Cikin 'yan kwanaki sai ya zama gyambo mai tsananin zafi, bakinsa ya yi duhu, yana cin gaba ta ƙarƙashin fata.

Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ke ruɗewa ta far wa fatarsa. Shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tsayar da shi, komai tsadarsa. Abin da ya fi muni shi ne, sau da yawa idan aka kankare shi ko aka sa masa wuƙa, ƙara faɗi ya kan yi. Maganinsa shi ne irin wanda ke kwantar da garkuwar jiki, kamar firedinisolon, wanda kuma ya ke da haɗari ga mai ƙuna idan ba likita ne ya auna ya bayar ba. Kada kowa ya je kemis ya saya da ka.

To, ina ruwan mazaunin Agege ko Sabon Badun da wannan? Ruwansa babba ne. Idan wuta ta ƙona wani a gida, ku a kan yi wa waya, ku ke aika kuɗi, saboda haka maganarku tana da nauyi. Sau da yawa kuɗin kan ƙare wajen mai sayar da magani da mai tofi, ana cewa sammu ne, har gyambo ya ci rabin cinya.

Shawararmu ita ce: da zarar an ƙone, a zuba ruwan sanyi mai tsabta na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Ban da ƙwai, ban da manja, ban da baƙin mai ko toka. Idan kuwa ana ba da magani amma gyambo na ƙaruwa, zafi ya fi girman ciwon, ku nemi likitan Kafanchan ya rubuta takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jos ko na Shika a Zariya, inda a ke da likitocin fata da na ƙuna. Hanyar Jos ta bi ta Manchok. Kuɗin motar nan ya fi kowace allura amfani.

Muna kuma kira ga ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke nan Kudu su ware wani abu daga asusunsu domin kai irin waɗannan majinyata asibiti a kan lokaci. Gwamnatin Jihar Kaduna ita ma ta ƙara horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su san wannan ciwo, su san lokacin da ya kamata a ajiye wuƙa a tura mutum gaba.

Allah ya kiyashe mu da wuta, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.