A Bar Ɗalibai Su Gani Da Idonsu

Akwai wani fannin ilmi da a ke koyarwa a jami'o'i da kwalejojin horon malamai, watau ilmin halayyar mutum a cikin jama'a. Shi ne ke binciken abin da ke sa mutum ya sake ra'ayi in ya shiga taro, da yadda jita-jita ke yaɗuwa. Abin da ya dame mu shi ne, sau da yawa hadda kaɗai a ke ba ɗalibai, su zuba a jarrabawa, sa'an nan su manta. Alhali kuwa abin da su ke haddacewa yana nan yana faruwa kullum a cikin wayar da ke aljihunsu.

A 1951 wani masani a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa sa mutum ɗaya cikin taro, ya nuna musu layuka, ya ce su faɗi waɗanda tsawonsu ya zo daidai. Ashe ya riga ya haɗa baki da sauran su ba da amsar ƙarya. Sai ga shi kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi taro ko da sau ɗaya ne, idonsu kuwa na ganin gaskiya. Wanda ya haddace wannan ya san labari ne kawai. Amma ɗalibin da ya zauna ya ƙidaya yadda amsoshi ke karkata a zauren WhatsApp bayan wani babba ya yi magana, shi ne ya gane. Gani ya kori ji.

Haka kuma batun jita-jita. Tun 1947 Gordon Allport da Leo Postman suka nuna cewa labari in ya bi bakuna ya kan gajarce, waɗansu sassansa su kumbura, a murɗa shi ya dace da abin da mai ji ya riga ya yarda da shi. A 2018 masanan jami'ar MIT suka ba da sakamakon binciken labarai wajen 126,000 da aka yaɗa a Twitter, suka ce ƙarya ta fi gaskiya gudu. Mu a Nijeriya mun ɗanɗana. A watan Agusta na 2014 saƙo ya bazu ta waya wai shan ruwan gishiri da wanka da shi na kare mutum daga Ebola, har aka yi asarar rai. Ɗalibin da aka sa ya bi sawun saƙo irin wannan, ya rubuta yadda ya sake kama daga hannu zuwa hannu, da wuya a rufe shi da baibai nan gaba.

Amma fa muna da gargaɗi. A 2012 Facebook ya jujjuya abin da mutum 689,003 ke gani a shafukansu har mako guda, don a gwada ko farin ciki da baƙin ciki na yaɗuwa, ba tare da an shaida musu ba. Da aka buga sakamakon a 2014, duniya ta yi caa. Kada yaranmu su koyi wannan. Lalle ne ɗalibi ya nemi izinin waɗanda zai bincika, ya ɓoye sunayensu, kuma kada ya ƙago ƙarya ya saki wai don gwaji. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta tsaya a kan haƙƙin mai magana. Akawuna, waɗanda asirin jama'a ke bi ta hannunsu, sun san nauyin wannan amana.

Saboda haka muna roƙon malamai su ba kowane ɗalibi ƙaramin bincike guda a zango: tambaya ɗaya, ƙidaya ta gaskiya, da bayani a gaban aji. Ba ya bukatar kuɗi, sai kula. Allah ya sa a ji, a kuma aikata, amin.