Lambar Manhaja Alkawari Ce

Duk wanda ya taɓa sayen littafin karatu ya san ma'anar "bugu na biyu": an yi gyare-gyare, amma littafin yana nan yadda aka san shi. Haka ya kamata lambar da ake maƙala wa manhajar kwamfuta ta riƙa yi wa mutum bayani, musamman manhajojin nan da ake sakin asalin rubutunsu domin kowa ya duba ya gyara. Sai dai masu wannan sana'a ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

Akwai tsarin da Tom Preston-Werner ya rubuta, mai lambobi uku, kamar 2.4.1. Ta ƙarshe tana motsawa idan an toshe wata ɓaraka, ta tsakiya idan an ƙara sabon abu ba tare da an taɓa tsohon ba. Ta farko kuwa ba ta motsi sai an yi canjin da zai iya rushe aikin da wasu suka ɗora a kai. A ganina wannan shi ne adalci, domin lambar ta zama gargaɗi. Ko Python, wadda ba ta bin tsarin sau da ƙafa, da ta tashi daga 2 zuwa 3 a 2008 ta shaida wa jama'a cewa tsofaffin ayyuka da dama za su tsaya cik, kuma sai a farkon 2020 aka daina kula da ta 2. Ma'aikacin da aka damƙa wa kwamfutocin ofis yana bukatar irin wannan sanarwa tun kafin takardun albashi su ƙi fitowa.

Linus Torvalds bai bi wannan hanya ba. Linux ta koma 3.0 a 2011, sa'an nan 4.0 a 2015, alhali kuwa babu wani gagarumin canji. Shi da kansa ya yi raha cewa lissafin ya kusa ƙure yatsun hannu da na ƙafa. Na yi masa uzuri, tun da yake ƙa'idarsa ita ce kada sabon bugu ya ɓata aikin masu amfani da shi. Ubuntu kuma shekara da wata take sawa, watau 24.04 na nufin Afrilun 2024, ko ba komai ka san tsufan abin da ke hannunka.

Wadda ban yi wa uzuri ba ita ce Slackware, da ta yi tsalle daga 4 zuwa 7 a 1999, domin takwarorinta sun fi ta girman lamba har mutane suna zaton an bar ta a baya. Wanda ya je neman bugu na 5 da na 6 a cikin jerin fitowarta, sai ya tarar da gurbi.