Ƙwallon ƙafa kaɗai ba zai riƙe lafiyar matasan Zango ba

A Alabar, da Aboabo, da Asawase, in ka ce motsa jiki, abin da kowa ke ji shi ne ƙwallon ƙafa. Ba abin mamaki ba ne. Kumasi ce ta haifi Asante Kotoko a 1935, babban filin wasanta na ɗauke da sunan Baba Yara, kuma nan Abdul Razak ya taso har ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978. Ni ma ina taɓa ƙwallo, kuma ina son ta. Amma a matsayina na malamin makaranta, ina ganin mun ɗora wa wasa ɗaya kayan da ya fi ƙarfinsa.

Ga yadda abin ke tafiya. Yaro zai fara buga ƙwallo tun yana firamare, burinsa wani dillali ya gan shi ya kai shi Turai. Kullum gudu iri ɗaya, juyi iri ɗaya, a kan ƙasa mai tauri, har gwiwa ko idon sawu ya gaza. In ya kusa talatin sai aure ya zo, ya kama shago a Kejetia ko ya hau pragya, shi ke nan ya rataye takalmi. Tunda bai san wani wasa ba, motsa jiki ya ƙare ke nan. Cikinsa kuwa bai yi ritaya ba: koko da suga cokali huɗu da safe, waakye da taliya da gari da rana, shayi da burodi da Indomie da tsakar dare. Kafin arba'in tumbi ya fito, hawan jini da ciwon suga suna sallama.

Tarihin Ghana ma ya nuna baiwarmu ba a ƙafa kaɗai take ba. Cikin lambobin Olamfik biyar da ƙasar nan ta taɓa ci, huɗu daga dambe suka fito, tun daga azurfar Clement Quartey a 1960 har tagullar Samuel Takyi a Tokyo. Ƙwallo ɗaya tak ta kawo, a 1992. A wasannin Afirka da aka yi a Accra cikin Maris 2024, kokawar hannu ce ta fi kawo mana lambobi. Shi kuwa Hakeem Olajuwon, a Legas ya fara da tsaron raga da ƙwallon hannu kafin ya koma ƙwallon kwando, ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, kuma ya sha faɗa cewa ƙwallon ƙafa ce ta koya masa sarrafa ƙafafu.

Kowane wasa da abin da yake ginawa. Gudu mai nisa da keke suna ƙarfafa zuciya da numfashi. Dambe da kokawa da ɗaga ƙarfe suna gina kafaɗa da baya da ƙashi. Tsallen igiya da ampe, wanda muke rainawa wai wasan 'yan mata ne, suna ƙarfafa sangali da idon sawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Nawa tsarin shi ne ƙwallo ranar Asabar, gudu bayan sallar Asuba sau biyu a mako, ɗaga ƙarfe sau biyu, Juma'a kuma hutu.

Abinci shi ma ya bi aikin da jiki ya yi. Ranar ƙwallo ko dogon gudu, jiki na son hatsi: fura, tuwo, doya, a ci awa biyu zuwa uku kafin a fita. Ranar ɗaga ƙarfe, a ƙara wake, ƙwai, kifi, gyaɗa ko wagashi, domin da su tsoka ke gyaruwa. Ranar hutu a rage malmala, a ƙara miyar ayoyo ko kontomire, da lemu ko gwanda. Duk wannan akwai shi a kasuwa, ba sai ka sayi garin furotin mai tsada ba. Tramol da lemon ƙara kuzari kuwa bashi ne, jiki zai biya da riba. Da azumi, a mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa, a yawaita ruwa daga Magariba zuwa sahur.

Wani zai ce, "Malam, ina fili, ina kuɗi?" Gaskiya ne Alabar a matse take, ba mu da wurin ninƙaya ko gidan atisaye a kowane lungu. Amma igiya da galan biyu cike da yashi ba su kai kuɗin takalmin ƙwallo ɗaya ba. Wani kuma zai ce 'yan mata fa? Ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Abin da 'yan matanmu ke buƙata shi ne sutura, da wuri mai kamun kai, da malama mace, kuma farfajiyar makarantun Islamiyya ta isa.

Roƙona ga 'yan'uwana malamai shi ne mu daina jefa wa yara ƙwallo ɗaya a darasin motsa jiki mu koma inuwa. Masu horar da ƙananan ƙungiyoyi su ware rana ɗaya a mako don wani wasa daban. Iyaye kuma su lura da abin da yaro ke ci bayan fili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikin yara ɗari ƙila ɗaya ya je Turai, ƙila babu ko ɗaya, amma dukkansu da wannan jikin za su tsufa.