Askar kakanka ba ƙauyanci ba ce, askar haya ce matsalar

1/ Jama'a, yau da gayun Katsina nake. Ku da kuke kallon bidiyon masu aski na Turkiyya a TikTok kuna cewa “kai, wannan gwani ne”, amma in kun ga wanzami da zabirarsa a gindin bishiya wajen Ƙofar Ƙaura sai ku yatsine fuska. Ku matso, akwai magana.

2/ Abin da ke hannun Baturken nan da abin da ke cikin zabirar Baba wanzami sana'a ɗaya ce: kaifi guda a kan fata, da hannun da ya san aikinsa. Bambancin kawai shi yana da fitila mai kyau da kyamara.

3/ A Turai da Amurka yanzu akwai masu bin kasuwar gwanjo suna neman tsofaffin asaken Sheffield ta Ingila da Solingen ta Jamus. Su kankare tsatsa, su sake ƙota, su wasa. Har gasa ake sawa, wanda ya ci a ba shi aska, ya zauna wata da watanni yana koyon riƙe ta yana murna.

4/ Su fa sai da suka yar da tasu tukuna. Gillette ya samu rajistar rezarsa a 1904, aska ta koma kayan tarihi. Da aka nuna ana yi wa James Bond aski da ita a fim ɗin Skyfall na 2012, sai sha'awa ta motsa. Mu tamu ba ta mutu ba, mu ne muke gaggawar yi mata jana'iza.

5/ Ka tuna, a gidaje da yawa na Birni askin farko da aka yi maka ranar suna wanzami ne ya yi shi, kana kwana 7 a duniya. Sana'a ce da ake gada, har sarautarta gare ta: Sarkin Aska. Wanda iyayenka suka miƙa wa kanka kana jariri, yau shi ne baƙauye?

6/ Na san amsarku: cuta. Kuma gaskiyarku ce, ba zan yi muku musu ba. Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Da yawansu ba su ma sani ba.

7/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar cutar na iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jiki. Wato jinin da ya bushe a ƙarfe tun Juma'ar da ta wuce zai iya kama ka a wannan Juma'ar. Goge aska a tafin hannu ko a tsumma ba ya kashe komai.

8/ To amma tsakaninka da Allah, kilifar shagon da kake zuwa kai nawa ta hau kafin naka? Ita ma tana yankan ƙeya, tana fasa ƙuraje. A fesa mata sifirit, a kyasta laita daƙiƙa biyu, shi ke nan hankalinka ya kwanta don akwai madubi da kiɗa? Ƙwayar cuta ba ta san shagon gayu ba.

9/ Don haka laifin ba na aska ba ne, na tarayya ne. Ka mallaki taka. Kana da wayarka, kana da buroshin haƙorinka da ba ka ara wa ko ƙaninka, amma ƙarfen da ke taɓa jininka na kowa da kowa ne?

10/ In akwai tsohuwar aska a akwatin kakanku, a fito da ita. Maƙeri zai cire tsatsa ya gyara ƙota, wanzami ya wasa maka ita a dutse. Ka tsabtace ta sosai kafin ta taɓa fatarka. Bayan kowane aski ka wanke, ka busar, ka shafa ɗan mai, don ƙarfen yana saurin tsatsa.

11/ Koyo kuma ba siddabaru ba ne. Jiƙa gemu da ruwan ɗumi, sa kumfar sabulu, ja fata da ɗaya hannun. Kwantar da askar kamar digiri 30, kada ka danna. Bi inda gashi ya kwanta. Fara da kumatu kawai, ka bar haɓa da maƙogwaro sai hannu ya faɗa.

12/ Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa da fata sai ya lanƙwaso ya soke ta, ƙurajen aski ke nan. Reza mai baki uku ko biyar tana jan gashi kafin ta yanke. Kaifi ɗaya da ya bi kwanciyar gashi ya fi sauƙi ga masu wannan matsala. Kuma ba ruwanta da an ɗauke wuta.

13/ Ku kuma iyayenmu wanzamai, an ce wanzami ba ya son jarfa, amma ku yi haƙuri ku ji. In yaro ya zo da askarsa ko sabuwar reza a takarda, ba raini ba ne. Aska ɗaya kai goma, wannan zamanin ya wuce. Ita ce za ta kashe sana'ar, ba kilifa ba.

14/ Sai a 2004 aka sa rigakafin ciwon hanta B cikin allurar jarirai a Najeriya. In an haife ka kafin nan, ko ba ka da tabbacin an yi maka, je asibiti a gwada jininka, in babu cutar ka karɓi allurar.

15/ Sannan ka samu Baba wanzami na unguwarku, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka biya shi, ka ce ya nuna maka riƙon aska. Ku turo wa abokin nan naku da har yanzu yake aron reza a ɗakin samari.