Ƙarfen bayan mota da muke cirewa mu yar: a gyara shi a gida, amma ba da walda ba

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Toumboutou zuwa Malanville ranar kasuwa ya san wannan ƙarar. Taya ta faɗa rami, sai ka ji "ƙwal-ƙwal" daga baya, kamar an sa tabarya cikin but. Fasinja sun saba har ba sa ji. In ka tambayi direba sai ya yi dariya ya ce: "Ba komi, Malam, ƙarfe ne ke gaisawa da ɗan'uwansa."

Ni ma haka na ɗauka, har abin ya zo kaina. Bara, bayan ɗaukewar damina, tsohuwar Carina tawa ta fara wannan ƙara. Na kai ta wajen wani bakanike, ya leƙa ƙasa bai yi minti biyu ba ya fito yana kaɗe hannu. Ya ce: "Maigida, wannan sandar ado ce, Turawa suka sa ta saboda titinsu. Mu cire ta kawai ka huta." Na yarda, ƙara ta ɗauke, na yi godiya har da ƙarin na goro. Sati biyu bayan nan, da iyali a ciki da buhunan shinkafa a but, wani mai babur ya faɗo mini hanya daga cikin gona. Na kauce, sai motar ta kwanta gefe ɗaya kamar kwale-kwalen da aka yi wa lodi a ɓangare guda, na murɗa sitiyari amma gabanta ya ƙi bi yadda na saba. Allah ya kiyaye, muka tsaya a bakin kwari. Uwargida ba ta ce komi ba sai da muka iso gida, sannan ta ce: "Malam, motar nan ba yadda take da ba ce." Gaskiya ta faɗa.

To wace sanda ce wannan? Bakanikenmu na kiranta "bar stab" da Faransanci. Mu ce mata sandar daidaita mota. Ƙarfe ne dogo mai lanƙwasa a kowane ƙarshe, ya ratsa daga tayar hagu zuwa ta dama. An ɗaure tsakiyarsa a jikin mota da robobi biyu, waɗanda ake kira silanbulok, ƙarshensa biyu kuma suna haɗe da ƙafafun mota ta wasu 'yan gajerun sanduna, wato biyelet. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take cikin robobinta, ba ta aikin komi. Amma idan aka sha kwana, nauyi ya koma gefe ɗaya, sai ta murɗe kamar wanki da ake matsewa, ta ƙi yarda motar ta kwanta da yawa. Aikinta ke nan. Shi ya sa wanda ya cire ta ba ya jin bambanci a miƙaƙƙiyar hanya. Ranar da zai ji, ranar kaucewa ce, kuma ranar ba ta sallama.

Ra'ayina a nan guda ne: wannan gyara ne da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa, kuma ya kamata mu koya. Amma hanyoyi biyu da muka fi bi, cirewa a yar da kuma yin walda, duka biyun wasa ne da rayukan mutane.

Me ya sa nake cewa a gida? Dubi inda muke. Yawancin motocinmu tsofaffi ne tun kafin su sauka tashar jirgin ruwan Kwatano, sannan suka yi tafiyar sama da kilomita 700 ta Parakou da Kandi kafin su iso mu. Wasu kuma tsofaffin Peugeot ne irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Ga hanyar laterit, ga ƙura da rani, ga laka da ambaliyar kogin Kwara da damina. Roba ba ta daɗewa a irin wannan ƙasa. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, kowa ya ga yadda ciniki ya ja baya kuma kuɗi ya yi wuya a hannu. Mutumin da aljihunsa ya bushe, in ka ce masa sai ya kai mota garaji kan kowace ƙara, ba zai kai ba. Zai ci gaba da tuƙi ne a haka. Gara ya san abin da zai iya da hannunsa, ya san kuma inda iyawarsa ta tsaya.

Abu na farko da na koya da na koma neman sandata: sau da yawa ba sandar ce ta lalace ba. Ƙarfe ne mai kauri, ba ya mutuwa da sauƙi sai in tsatsa ta ci shi, ko ya lanƙwashe a hatsari, ko ya tsage. Abin da ke ƙara shi ne robobin da suka cinye, ko kan biyelet da ya saki. Ka shiga ƙasa ka kama sandar ka jijjiga. In tana rawa cikin robar, ko biyelet na kaɗawa, ka gano ɓarawonka. Waɗannan ƙananan kaya ne, ba su kai kuɗin sabuwar taya ba. Abin takaici, a kan roba biyu muke yar da ƙarfen da ke riƙe da mota. Sai in ka zare robar ka tarar wurin da take zaune ya sirance saboda tsatsa, ko ka ga tsaga, sannan maganar canza sandar gaba ɗaya ta taso.

Sai maganar walda. Na sha ganin sandar da ta karye an kai wa mai walda ya haɗa, an shafa baƙin fenti, an mayar. Ga ido ta yi kyau. Amma wannan ba ƙarfen ƙofa ba ne, irin ƙarfen sifirin ne da aka gasa aka sanyaya da ƙa'ida a masana'anta don ya riƙa murɗewa yana komawa. Zafin walda na kashe wannan halin. Wurin ɗinkin ko gefensa sai ya yi gautsi, ya karye lokacin da aka fi matsa masa, wato tsakiyar kwana, da lodi. Karyayyen ƙarshen kuma na iya soke taya ko ya tsinke bututun birki. Haka ma wanda ke gasa lanƙwasasshiyar sanda da wuta don ya miƙe ta. Araha ba ta ado, a nan kuma tana iya kai mutum kushewa.

Ga yadda na yi nawa, da taimakon ɗan ƙanena da ya ɗan zauna garaji. Mun sami wata sandar a wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ta irin motar daidai. Wannan na da muhimmanci: a auna kaurin tsohuwar da milimita, a nemi mai kauri ɗaya. Kada wani ya ruɗe ka da cewa mai kauri ta fi ƙarfi. Sandar baya in ta fi ƙima tauri, bayan motar ne zai riƙa zamewa a kwana, kuma wannan ya fi wuyar kamawa ga direba. Robobin ma da kaurin sandar ake sayensu, kuma bibbiyu ake canzawa, hagu da dama, haka biyelet.

Tun daren jiya muka fesa wa notocin man sassauta tsatsa. Da safe muka sa motar a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, muka sa ta a giya, muka tokare tayoyin gaba da duwatsu. Muka ɗaga bayan duka biyu, don in gefe ɗaya kawai aka ɗaga sandar na nan a murɗe, noti ba zai fita da daɗi ba, kuma tana iya fizgewa ta fasa yatsa.

A nan zan tsaya in roƙe ku, don wannan ya fi duk abin da na faɗa: kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Jak ɗagawa yake, ba riƙewa ba. Ƙasarmu yashi ce, yana nutsewa, yana gocewa. Kuma kada a dogara da bulon siminti, yana farfashewa ba gargaɗi. A sa ƙafafun ƙarfe na tallafe mota a kan faffaɗan katako, in babu a sa gungumen icce mai ƙwari wanda ba ya mirginawa, sannan a tura tayar da aka cire ƙarƙashin jikin motar. A girgiza motar da hannu kafin a shiga. A kori yara daga wurin, amma a bar babba ɗaya a kusa.

Kafin mu kwance komi, yaron ya ce: "Kawu, bari in ɗauki hoto tukuna." Dabara ce mai kyau, don sandar na iya shiga a juye, sai ka gama ɗauri ka tarar tana gogar salansa. Muka fara da biyelet. Kansu na juyawa tare da noti, sai an riƙe tsakiyar da ƙaramin makulli ana kwancewa da sifana. Sannan maɗauran robobin, sannan aka zare sandar ta gefe, bayan mun ɗan sassauta ratayen salansa. Noti ɗaya ya ƙi, yaron ya ce a kawo wuta. Na ce a'a: tankin mai na nan kusa, ga bututun birki. Muka ƙara fesa mai, muka sha shayi, muka dawo, ya fita.

Wajen mayarwa, ba a shafa wa roba baƙin mai ko giris, suna cinye ta. Ruwan sabulu ya isa ta zame. A ɗaura komi sako-sako tukuna, a sauke motar ta tsaya da nauyinta a kan tayoyinta, sannan a yi matsewar ƙarshe. Notin da ke da roba a ciki, in ya tsufa a sa sabo. Bayan kwana biyu ana tuƙi a sake bi da sifana. Mun fara bayan sallar asuba, kafin azahar mun wanke hannu.

Yanzu bari in ba masu ja da ni haƙƙinsu. Wani zai ce ai akwai motocin da aka ƙera ba su da sandar baya sam, kuma suna tafiya lafiya. Haka ne. Amma waɗannan an tsara sifirin ɗinsu da sauran ƙafafunsu a kan haka. Motar da aka ƙera da ita, an yi lissafin komi da ita. Wani kuma zai ce a hanyar ramuka motar ta fi laushi in babu sandar. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, don kowace taya na samun sakewa. Sai dai mu ba a rami kaɗai muke tuƙi ba. Motar da ta bi laterit da safe ita ce ke hawa kwaltar Kandi da rana, tana gudu tsakanin manyan motoci, da buhunan albasa har saman rufi. Lodin sama kuwa shi ne babban abin da ke kwantar da mota a kwana. Laushin rami bai kai ran mutum bakwai ba.

Bakanike kuma zai ce ina so in kashe masa kasuwa. Ko kusa. Akwai aikin da ba na gida ba ne, kuma dole a faɗa. A ƙananan Peugeot irin su 205 da 206 da 306, sandar baya na cikin bututun da ya haɗa ƙafafun baya ne, ba a fili take ba. Wannan aikin mai sani ne. A wasu motocin kuma akwai abin da ke raba ƙarfin birki gwargwadon lodi, a maƙale kusa da wurin. Wanda bai san shi ba kada ya taɓa. In wurin da ake ɗaure robar a jikin mota ya ruɓe da tsatsa, ko kusa ta karye a ciki, a kai garaji. Sanin inda za ka tsaya shi ma gwaninta ce. Abin da nake nema wajen bakanikenmu shi ne su daina cewa "mu cire kawai". Wanda ya kawo maka mota amana ya kawo, kuma mafi yawanmu ba mu san abin da aka cire ba sai ranar da muka neme shi.

Akwai kuma masu ruwa da tsaki. Hukumar CNSR ce ke duba lafiyar motoci a ƙasar nan, amma takardar bizit ta rana ɗaya ce, mota kuwa kullum tana hanya. Shugabannin tasha su ne ke ganinta kowace safiya. Ba ya buƙatar na'ura mutum ya durƙusa ya leƙa ko sandar na nan, ko an yi mata walda, ko biyelet ɗaya ya tsinke yana lilo, wanda daidai yake da babu sandar. Yadda ake duba taya da fitila kafin a yi lodi, a ƙara wannan. Mu fasinja kuma mu daina jin kunyar tambaya. In direba ya ce ƙarfe ne ke gaisawa, a ce masa: "To direba, a raba su tun ba su yi faɗa ba."

Mun iya cewa ƙaddara idan mota ta kife, kuma ba wanda ke ja da ikon Allah. Amma wanda ya ji ƙara wata uku ya ƙara sautin rediyo, ya san akwai nasa a ciki. Ranar da ba kasuwa, ka sami inuwa, ka tokare motarka da kyau, ka leƙa ƙasa ka jijjiga sandar nan. In tana rawa, roba biyu da sifana da safiya ɗaya sun ishe ka. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.