Zanen Dutse Ma Wasiƙa Ne

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa mu kan ji ana cewa mutanen dā ba su bar mana wani labari ba, wai don ba su iya rubutu ba. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, ga kuwa dalilina.

A Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa, akwai duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen dā suka zana shanu. In kun duba da kyau za ku ga shanun nan ba su da tozo, ba kamar waɗanda mu ke gani a garke yau ba. Ashe mai zanen ya gaya mana irin shanun zamaninsa, bai kuwa rubuta baƙi ko ɗaya ba. Haka kuma a Dabus, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya fi mita 5. Yau wurin hamada ne, raƙumin dawa kuwa ba ya zama sai inda akwai itatuwa. Watau dutsen nan yana shaida mana cewa dā can ƙasar tana da ni'ima.

Wani zai ce ai zane ba rubutu ba ne. Gaskiya ne, ba ya gaya mana sunan mai yinsa ko harshensa. Amma fa Bahaushe da Bayarabe da Bature duk suna iya karanta shi ba da tafinta ba.

To, abin da ke damuna shi ne wasiƙun nan ba su da wuyar lalacewa. A Faransa wasu yara huɗu suka gano kogon Lasko a 1940. Aka buɗe shi ga 'yan kallo a 1948, amma a 1963 tilas aka rufe, don numfashin mutane ya fara ɓata zanen. In numfashi kaɗai ya yi haka, ina ga yaro mai gawayi da ke son rubuta sunansa a kan dutse?

Saboda haka mu da za mu zama malamai, kada mu tsaya ga labarin ƙasashen nesa kurum. Mu kai yaranmu su ga na gida in da hali, mu tambaye su abin da zanen ke faɗi, mu kuma hore su kada su taɓa shi. Wasiƙar da ta daɗe haka a hanya, abin kunya ne a ce a hannunmu ta yage.