Bakin da Ya Mutu Ba Hankali Ne Ya Gushe Ba

'Yan'uwana ɗalibai, akwai tambayar da ta ishe mu a gida da waje, wato "Idan ka gama karanta Hausa, wane aiki za ka yi?" Ni da na koyi Hausa a aji, ba a nono na sha ta ba, na fi kowa shan wannan tambaya. Amsarmu kullum ita ce koyarwa ko aikin jarida ko fassara. A nawa ra'ayin, akwai wani wuri da yake jiranmu, wato gefen gadon mara lafiyar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke masa magana.

Bari mu fara duba yadda ƙwaƙwalwa take ɗauke da harshe. A shekarar 1861 wani likita a birnin Faris na Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majiyyaci da ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan", amma yana gane yawancin abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu, sai aka tarar da lahani a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa. A 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka, wato majiyyatan da magana ke zuba daga bakinsu ba tangarɗa amma ba ma'ana, su ma ba sa gane ta wasu. Nasu lahanin yana can baya, kusa da saitin kunnen hagu. A yau masana sun gano cewa harshe bai tsaya a waɗannan wurare biyu kaɗai ba, akwai jijiyoyi masu yawa da suke haɗa sassa daban-daban. Duk da haka darasin farko yana nan: furuci daban, fahimta daban.

Haka kuma sanin zaman tare da yanke shawara suna da nasu mazauni. A 1848 wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, ya gamu da haɗari inda sandar ƙarfe ta ratsa sashen ƙwaƙwalwarsa na bayan goshi. Ya rayu, bakinsa garau, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya canza, ya daina ladabi, ba ya tsayawa a kan shawara ɗaya. Bugu da ƙari, waɗanda suka sami lahani a ɓarin dama sukan iya nahawu sarai, amma barkwanci da gatse da canjin murya su shige musu duhu. Mu da muke nazarin habaici da karin magana mun san cewa rabin zance yana ɓoye ne a inda ba a furta ba.

To, me ya shafe mu? Abin da ya shafe mu shi ne, a cikin al'ummarmu idan bakin dattijo ya mutu, nan da nan sai a ce ya zauce, ko an yi masa asiri. Sai a riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya nan, a yanke shawara a kan gonarsa da maganinsa ba a tuntuɓe shi ba, alhali wataƙila yana jin komai, bakin ne kawai ya ƙi. Kafin a raba mutum da ikonsa, dole a auna abin da yake ganewa, kuma ba a iya auna wannan sai da harshen da ya fi ƙwarewa a ciki.

A nan ne fassara kai tsaye take kasawa. Gwajin da aka tsara domin mai jin Ingilishi ba zai duba karin sauti ba, wanda shi ne ya raba wuyan riga da wuyar aiki, ya raba kukan jariri da kukar miya. Ba zai duba tsawon wasali ba, ko jinsin suna, ko jam'in Hausa mai rassa da yawa. Sannan ga al'ada. A tambayi tsohuwa Bahaushiya sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Wanda bai san alkunya ba zai rubuta cewa ta manta, alhali shirun nan shaida ne cewa hankalinta yana nan daram. Tun 1987 masanin harshe Michel Paradis na Kanada ya fitar da gwaji domin masu harshe biyu, bisa hujjar cewa ciwon yakan taɓa harsunan mutum ba daidai ba, don haka kowane harshe a gwada shi da tsarinsa.

Wani zai ce wannan aikin likitoci ne. Gaskiya ne, ba mu ne za mu ba da magani ba. Amma likita ya san jijiya, mu mun san ginin jimla da tsarin sauti, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani kuma zai ce mu da ba Hausawa ba ina ruwanmu? Ai mu ne ma muka dace, domin a garuruwan kudu inda Hausawa ke zaune a Sabo da zango, majiyyaci da ma'aikacin jinya sau da yawa ba sa jin harshen juna, mu kuwa muna jin duka biyun.

Saboda haka ina kira ga malamanmu da su ba ilimin harshe da ƙwaƙwalwa gurbi mai kyau a darussanmu. Ku kuma 'yan ajin ƙarshe da kuke neman batun kundin digiri, ga fili nan: ku tattara kalmomi da jimloli da karin maganar da za a iya gwada mai jin Hausa da su. Wanda bakinsa ya mutu ba zai iya neman haƙƙinsa da kansa ba, sai mu masu baki mu tsaya masa.